Ba a fafe gora ranar tafiya: nasiha ga 'yan agaji

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku masu sa kakin agaji, da ku da ba ku da kaki amma ku ake fara gani duk inda aka kwarma ihu a unguwa.

Ranar da ruwa ya ci gari ko mota ta kife, ba jami'an hukumar agajin gaggawa ta NEMA ne ke fara isa wurin ba, ba kuma motar asibiti ba. Maƙwabta ne, da 'yan acaɓa, da mai shayin bakin titi, da ku. Kafin hukuma ta iso, wanda zai rayu ya riga ya rayu a hannunku, wanda zai tafi kuma sau da yawa ya tafi. Ƙwaƙwalwar da numfashi ya yanke mata tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, jini na iya ƙarar da mutum cikin kamar minti 5. Wannan ɗan taƙin shi ne rabonmu a aikin.

Mun iya fareti, mun iya tsare sahu a filin Idi da wurin wa'azi da sansanin alhazai, kuma duk aikin lada ne, ban raina shi ba. Amma a tara mu hamsin a tambaya wa ya iya tsayar da jini, wa ya taɓa gwada danna ƙirji ko da a jikin mutum-mutumin koyo, sai ka ga an fara kallon ƙasa. Niyya muna da ita har ta yi yawa. Ita kuwa kyakkyawar niyya in babu sani a tare da ita, tana iya ƙarasa wanda hatsarin ya bari da rai.

Farkon abin da za ka duba in ka isa wurin hatsari ba majinyaci ba ne, wurin ne. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Faɗuwar ba ita ta kashe mutane ba. Jama'a ne suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, aka rasa fiye da mutum 150. Bayan wata uku, a 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata, tartsatsi ɗaya daga janareta ko salansar babur ya ishe shi. A irin wannan wuri babban agajin da za ka yi shi ne korar mutane nesa, da tare hanya ta kowane ɓangare, da kiran 'yan kwana-kwana. Za a zage ka, za a ce ka hana talaka samu. Ka jure. Talauci gaskiya ne, ba na musu, amma jarka ɗaya ba ta kai ran ɗan mutum ba. Haka wayar lantarki da ta faɗo cikin ruwa, haka katangar ƙasa da ta sha ruwa kwana biyu. Allah da ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, shi ne kuma ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Ruwa shi ya fi yaudarar samari, don kowa gani yake ya iya iyo. Iyo a kududdufi daban, ruwan ambaliya daban. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da ɗan kaɗan ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa kuma yana ɗaukar ƙaramar mota. Ƙarƙashinsa akwai buɗaɗɗiyar kwata da kwanon rufi da ramin masai da ba ka gani. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya ci, kadoji da macizai suka bazu cikin unguwanni. To wa zai ce maka ka faɗa irin wannan ruwa da ƙarfin zuciya kawai? In ka ga mutum yana nutsewa, miƙa masa gora ko doguwar sanda, ko ka jefa masa igiya, ko jarkar da babu komai ciki an rufe bakinta. Wanda ruwa ke ci ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama dannawa yake ƙasa, ko da kuwa ɗan uwansa ne.

In an fito da shi, a daina abin da muka gada na zazzage mutum kai ƙasa ko danna masa ciki wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana tura amai cikin huhu. Kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, ɗaga haɓarsa, duba ƙirjinsa na kamar daƙiƙa 10. In ba ya numfashi, hura masa iska baki da baki sau 5, sannan ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kai, ka danna sau 30, ka hura sau 2, ka ci gaba da haka. Dannawar mai ƙarfi ce, ƙirjin babba ya lotsa kamar santimita 5, da sauri kamar 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ƙaramin yaro hannu ɗaya ya ishe shi, jariri yatsu biyu. In ka gaji wani ya karɓe ka. In kuwa yana numfashi amma a sume yake, juya shi ya kwanta a gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya farka ya ce garau yake. Kada a ɗura wa sumamme ruwa ko madara, ko da na tofi ne. A shafa masa, addu'a tana isa ba sai ta bi ta maƙogwaro ba.

Ku da kuke bakin kogi, agajinku yana farawa tun a mashiga. Kwale-kwalen da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, lodi ne ya yi masa yawa. Ɗan agajin da ya tsaya ya ce jirgin nan ya cika, a jira sawu na biyu, ya fi gwanin ninƙaya goma amfani.

A hatsarin mota kuwa, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke ɗaukar mutum. Ɗaya ya kama hannu, ɗaya ƙafa, kai yana reto, a cusa shi cikin adaidaita sahu. In ƙashin wuya ko na baya ya samu matsala, wannan ɗaukar ita ke tsinka laka, mutumin da zai iya warkewa ya koma kwance har ƙarshen ransa. In ba wuta ko ruwa ne ke tunkaro shi ba, kada a yi gaggawar motsa shi. Ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a tare kamar gungume guda. Kuma in majinyata suna da yawa, kada ihu ya ja ka. Mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru a gefe, shi za ka fara dubawa.

Jini maganinsa dannawa. Sa safar hannu, in babu ka zura hannunka cikin leda mai tsabta, ka ɗora tsumma mai tsabta a kan ciwon ka danna da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe, ƙara wani a kai. Ba ƙasa, ba toka, ba garin batir. In wuƙa ko ƙarfe ya maƙale a jiki, kada ka zare, tokare shi da tsumma ta gefe da gefe. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Rubuta lokacin da ka ɗaure, kuma kada ka kwance, likita ne zai kwance. In harbi ne, ku sani tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Ƙuna ruwa take so, ruwa mai sanyi mai tsabta a yi ta kwarara mata har minti 20, ba ƙanƙara ba. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai da manja duk ƙarin aiki ne ga ma'aikatan jinya, sai sun kankare su kafin su fara magani. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne da fata a bar ta. Saran maciji ma, wanda ke yawaita da damina, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafi, irin na Kaltungo a Gombe. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagar da ka yi sai ta zama wata ƙofar zubarsa.

Wayar hannunka ta kira ce: 112 don kowace irin gaggawa, 122 don jami'an kiyaye haɗurra. Ba ta ɗaukar hoton wanda tufarsa ta yage ko gawar da uwarta ba ta ma ji labari ba tukuna. Abin kunya ne uwa ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook. Kuma a daina cewa "wani ya kira mota". Nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai, kira.

Sai maganar mata, wadda muke yawan tsallakewa. Ambaliya cikin dare mata da yara da tsofaffi take samu a cikin gida. Namiji yakan tsaya yana jinkirin taɓa matar da ba muharramarsa ba alhali jini yana zuba. Malamai sun yi bayanin hukuncin larura, a tambaye su tun yanzu, ba ranar ba. Mafi kyau kuma kowace unguwa ta samu matan da aka horar, a haɗa da ungozomomi da malaman Islamiyya.

Duk wannan ba a koyon sa da karatu kawai, sai hannu ya saba. Ƙungiyar Red Cross tana da reshe a kowace jiha kuma tana ba da horo, akwai ma'aikatan jinya a unguwanninmu da za su koyar in an roƙe su. A ware wata rana daga ranakun fareti. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na wuraren da ambaliya za ta iya shafa tun kafin ruwa ya sauka, a nema a kai wa mai unguwa da liman. A zauna a san gidan da ke da makaho ko gurgu ko mai tsohon ciki, a san tudun da za a gudu da hanyar zuwa can, a yarda cewa lasifikar masallaci ita ce ƙararrawa ko da ƙarfe biyun dare ne. Ruwan da ya shafe Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga Mayun 2025 da asuba ya zo, mutane suna barci, aka rasa fiye da 150. A yashe magudanan ruwa tun watan Mayu. A tanadi igiya da tocila da bandeji da safar hannu a gidan da kowa ya sani, takardun gida da na makaranta kuma a ƙulle su cikin leda. Wanda ya ce wannan rashin tawakkali ne, a tuna masa an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Ruwa in ya janye aiki bai ƙare ba. Masai ya haɗu da rijiya, sai amai da gudawa su biyo baya, kamar yadda kwalara ta ɓulla a Borno makonni kaɗan bayan ambaliyar Alau. A tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, a dage da wanke hannu da sabulu. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na ƙunshi, a samu lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, mai shan nono a ci gaba da ba shi nono. In idanunsa sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, a tafi asibiti a lokacin, ana tafe ana ba shi a hanya in yana iya haɗiya.