Kasuwa na sayar da dutse, ba ta sayar da hannu

Na ga bidiyon nan na dutsen wasa aska. Don Allah a daina turo min. Tun bayan la'asar mutum shida suka turo, har da wanda rabona da shi tun babbar sallar bara. Na kalla sau biyu, na yi dariya, na kife waya na ci gaba da aikina.

Ban kama suna ba kuma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Wai "wasu sun tara duwatsu kamar za su zuba harsashin gini, mu dutse ɗaya ya ishe mu." Aka ɗaga dutsen gaban kyamara, aka karkata shi don kowa ya ga lambar laushinsa, 30000, aka aske ɗan gashin hannu, aka sa kiɗa a ƙasa. Masha Allah. Allah ya sa an saya a sa'a. Ba zan yi ƙarya ba, dutsen na gaske ne, Shapton ne na Japan, ƙwayar da ke cikinsa ba ta cika rabin maikiron ba, 0.49 ma aka rubuta a jikinsa. Dutsen ba shi da laifin komai. Sai dai fa kasuwa na sayar da dutse, ba ta sayar da hannu.

Tunda an mai da abin makaranta, bari in biya wa yara karatu, kyauta. Dutse mai babbar lamba ba ya haifar da kaifi, kaifin da aka riga aka yi yake gogewa. Wahalar duk a 1000 take. A nan ake kafa baki, a ci ƙarfe har fuskokin biyu su haɗu a layi guda, tun daga gindin aska har tsininta. In ba su haɗu ba, ko wuni za ka yi kana shafawa a 30000, sheƙi kawai za ka samu. Baki kamar madubi, ka ɗora a gemu ya riƙa tsiga kamar ana figar kaza. Bayan 1000 sai 3000 ko 5000 ya share zanen da na farko ya bari, 8000 ya share nasu, sannan a je 12000, shi ma shafa kaɗan, nauyin askar kaɗai, ba dannawa. Kowane dutse wankin na gabansa yake yi. Wanda ya tsallake ya dira a sama, hoda yake shafawa a fuskar da ba a wanke ba.

Gashin hannu kuwa, haba. Wuƙar mai tsire ma tana aske gashin hannu. A kawo gemun kwana uku, irin namu mai murɗewa, a shiga ƙarƙashin haɓa inda gashi ke kwanciya yadda ya ga dama, a bar mai gemun ya kwana, gobe a tambaye shi ko ƙuraje sun fito. Wannan ba ya shiga bidiyon sakan talatin, shi ya sa ba a nuna shi.

Da ma zan yi shiru, wallahi da shiru zan yi, ba don abin da aka kawo min ranar Talata ba. Wani bawan Allah ya zo da aska naɗe a hankici, Dovo ce ta Solingen, mahaifinsa ya bar masa. Ya ce ya kai ta "wani wuri" an wasa masa, tun daga nan ta ƙi aski. Ban tambaye shi ina ba. Ba sai na tambaya ba, na san hannun kamar yadda malamin allo ke sanin rubutun almajirinsa.

Na buɗe ta a bakin ƙofa inda haske yake. Bayanta ya cinye a gefe guda, ya yi faɗi a tsakiya, alamar an danna ta da ƙarfi kamar ana wasa gatari. Bakin ya lotsa ciki daidai tsakiya, gindin kuwa dutse bai ma taɓa shi ba. Na shafa baƙar maka a bakin duka, na ja sau uku a kan dutse mai daidai, na duba da gilashin masu gyaran agogo: tawada na nan daram a tsakiya. Amma sheƙi? Kai, sheƙi kam akwai shi, sai ka ga haƙoranka a ciki. Awa ɗaya da rabi na yi a 1000, na liƙa salatif a bayanta don kada in ƙara cin abin da ya rage, kafin bakin ya haɗu. Ƙarfen da ya tafi kuwa ya tafi, ba mai dawo wa marayan nan da shi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, 30000 ba zai iya yin wannan ɓarnar ba ko shekara zai yi yana gurza. Wato akwai wani dutsen a ƙarƙashin benci, mai kaushi, mai rami a tsakiya kamar kwalekwale, wanda ba a nuna wa kyamara. Ashe ba dutse ɗaya ba ne. Ɗaya na aiki, ɗaya na hoto.

Kasuwa na sayar da dutse. Hannu kuwa sai an zauna.

Kuma an zauna ɗin fa, a wurina mai bidiyon ya koya. Wannan ne ke ƙona min rai. Shekara biyu ana riƙe min zabira, ana cin abincin gidana, yarana na cewa yaya. Wa ya nuna cewa bayan aska da bakinta tare suke kwanciya a kan dutse, bayan ne ke riƙe kusurwa ba wuyan hannu ba? Wa ya riƙe hannun ya nuna a kan baya ake juyawa, ba a kan baki ba? Wa ya ce a dutse baki ke gaba, a fata baya ke gaba? Fata nawa aka yanka min kafin abin ya zauna? Uku. Ban taɓa cewa a biya ba. Ranar da aka bar min farin dutsena na gamawa ya kwana a bokiti, irin wanda ba a jiƙawa, yayyafa ruwa kawai ake yi, da safe kuma aka shanya shi a rana cikin tsakiyar hunturu har ya tsattsage kamar ƙasar fadama, me na ce? Na ce tsautsayi ne. Na rufa asiri, ko a gida ban faɗa ba. Yau ni ne mai harsashin gini.

To eh, duwatsuna goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Da guminna na saya, ɗaya bayan ɗaya, ban ci bashin kowa ba, ban hana iyalina cefane ba. Akwai rawayan dutsen Beljiyam na yankin Vielsalm, wanda in ka gama da shi da ruwa zalla aska ke tafiya a fata ba cizo. Akwai ɗan ƙaramin na duwatsun Kiyoto, ba lamba a jikinsa ko ɗaya, sai ka goga masa ɗan dutsen nan nagura ruwan ya yi kauri kamar kunu, kana ja kana ƙara ruwa har ya tsinke, yatsunka ne za su gaya maka an gama, lokacin da askar ta fara kama dutse tana ƙin zamewa. Wanda lamba kaɗai ya iya karantawa, a ba shi wannan mu gani. Kakanninmu wanzamai da dutse ɗaya da fata suka yi wa sarakuna aski, gaskiya ne, kuma ban fi su ba. Amma su ɗin hannu suka gada kafin dutse.

Na san abin da za a ɗauko yanzu, don ba a da wani. Maganar ango. Eh, na taɓa yankar ango a haɓa ranar ɗaurin aurensa, duk unguwa ta sani, shekara bakwai ke nan. Atishawa ya yi aska na wuyansa. Ni na kai kaina gidansu na ba da haƙuri, kuma har gobe ni ke masa aski, ni na yi wa ɗansa askin suna. A ci gaba da yaɗawa. Wanzami dai ba ya son jarfa, mu ga yadda za a ji da wannan.

Ba na hassada da kowa, Allah ya sani. Mai mabiya dubu nawa ne ma, Allah ya ƙara. Masu zuwa wurina ba kallo suke zuwa yi ba, kowa da askarsa da sunansa a jikin kube, ba na haɗa ta wani da ta wani, in an gama a wanke a busar a shafa mai. A je can a sayi na 30000 guda biyu ma, a ɗora ɗaya kan ɗaya ya zama 60000. Kasuwa a buɗe take, dutse dai take sayarwa.

Mai Dovo zai zo karɓar askarsa ranar Juma'a kafin masallaci. Duk mai son gani ya zo da gemunsa, kada ya zo da kyamara.

Sannan farantina na daimon na daidaita dutse, Atoma 400, da aka ara tun kafin azumi aka ce kwana biyu. Na ga ramin dutsen a jikin askar mutane, don haka na san ba a amfani da shi. In ana jin kunyar zuwa, a aiko yaro.