Riyal 560 kafin a zauna wasa: ra'ayina kan farashin littattafan wasan labari

Jama'a, muhawarar kuɗin littattafan dokokin wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) da Pathfinder, ta daɗe tana tashi tsakaninmu matasan Hausawa na nan Jidda da Makka, kuma kullum wuri ɗaya take cijewa. Wani ya ce kamfanonin nan cin amana suke yi, wani ya ce mu ne ba mu san darajar littafi ba. Ni dai a ganina littafin takarda ya ci kuɗinsa. Inda ake ƙwarar mu shi ne na intanet, kuma a kansa ya kamata mu ɗaga murya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne da mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda, mutum ɗaya kuma ya ja labarin, shi ne sarki, shi ne ɗan fashi, shi ne dodon cikin kogo. In jaruminka ya yi yunƙurin wani abu mai wuya, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Littafin dokoki shi ke raba gardama. Babu kuɗi a tsakani, ba a cin kowa. Masu tambaya a kan hukuncin ɗan lidon, wannan fagen malamai ne, a kai musu da cikakken bayanin yadda wasan yake.

To ga lissafin. D&D yana tsaye ne a kan littattafai uku: na 'yan wasa, na mai jan labari, da na dodanni. Bugun 2014 kowanne dala 49.95, sabon bugun da aka fara fitarwa a 2024 kuma dala 49.99. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, saboda haka littafi ɗaya ya kama riyal 187 da ɗoriya, ukun sun haura 560. Wannan farashin Amurka ne. Kafin ya iso hannunka a Jidda sai an ɗora kuɗin dako, littafi ne mai kauri da nauyi, sannan ga dariba, wato harajin sayen kaya, ta kashi 15 cikin ɗari da aka koma tun Yulin 2020. Duk wanda yake aikin shago a Balad, ko yake tuƙi a gidan wani, ko ɗalibin da ke lallaɓa ɗan alawus ɗinsa a Madina yana kuma tura wani abu gida Kano ko Katsina, ya san abin da riyal 600 yake nufi. Ba na raina kukan kowa a kan wannan.

Amma a yi adalci. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, ƙananan littattafai uku ne a cikin ɗan akwati, zane kaɗan, dala 10. Dala goman wancan zamani ta haura dala 60 ta yau. Haka dala 50 ta 2014 ta fi dala 50 ta 2024 ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi littafin 'yan wasa ya tashi daga shafi 320 zuwa 384 ba tare da farashin ya yi wani motsin kirki ba. Ka buɗe shi ka gani: takarda mai sheƙi, kusan kowane shafi da zane mai launi, bango mai tauri. Kowane zane akwai wanda ya zauna ya yi shi aka biya shi. Akwai marubuta, akwai masu tace rubutu, akwai waɗanda suka yi ta gwada dokokin don kada wani jarumi ya fi ƙarfin sauran. Sannan littafi ne da ba a gama karanta shi a ajiye. Namu na rukuni yana nan, gefensa ya yi baƙi saboda hannu, akwai tabon shayi a shafin makamai, an manna masa salatif a gadon baya. Daren Juma'a in mun kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, shi ke zagayawa daga hannu zuwa hannu har ƙarfe ɗayan dare. Mu shida muka yi karo-karo muka saye shi, abin da kowa ya bayar bai kai kuɗin cin abinci biyu a waje ba, kuma har gobe yana aiki.

Wannan shi ne abin da nake so sababbin shiga su gane, domin tallan kamfani ba zai faɗa musu ba: littafi ɗaya ya ishi tebur guda. Ba dole ne kowa ya mallaki nasa ba, kuma ɗan wasa bai da wata buƙata ga littafin mai jan labari ko na dodanni. Kwanakin baya ƙanin wani abokinmu, yaro ɗan sakandare daga Hindawiyya, ya zauna ya kalle mu dare guda, idonsa kamar ya faɗa cikin taswirar. Da za a tashi ya matso ya ce, "Yaya, nawa ake sayar da littafin?" Yayan ya faɗa masa kuɗin ukun gaba ɗaya. Yaron bai ce komai ba, ya mayar da littafin kan tebur a hankali. Abin ya dame ni ƙwarai, don amsar gaskiya ita ce fensir da takarda kawai yake buƙata. Na ce masa, "Ƙanena, mako mai zuwa ka zo da fensirinka, littafi na kowa ne." Yanzu shi ne ya fi mu haddace dokokin.

Sai mu zo kan na intanet, inda raina yake ɓaci. Kamfanin Wizards of the Coast mai buga D&D, wanda ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997 kafin shi ma kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1999, ba ya sayar da manyan littattafan bugun yanzu a matsayin PDF. Abin da ake sayar maka shi ne damar karantawa a dandalin D&D Beyond, wanda Hasbro ta saya a 2022 kan dala miliyan 146.3. Littafin 'yan wasa a can dala 29.99 ne, wato riyal 112 da 'yan kai. Babu takarda, babu tawada, babu jirgin ruwa, babu sito, amma ka biya fiye da rabin kuɗin na takarda. Kuma abin da ka saya yana zaune ne a asusunka, ba za ka iya sayar wa wani in ka gaji ba, ba za ka bar wa ƙaninka gado ba. A 2024 ma sun daina sayar da gutsattsarin littafi, alhali a da mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayen ɓangaren da yake buƙata kaɗai da 'yan daloli. Wannan mataki talaka ya buga kai tsaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne farashi ɗaya ga duniya baki ɗaya. Injiniya a Amurka, direba a Jidda, ɗalibi a Zariya da ke fama da canjin naira, ɗan'uwanmu na Sudan da yaƙi ya raba da gidansa tun 2023, duk dala talatin. Alhali an san yadda ake yi. Steam yana bai wa masu wasannin kwamfuta damar sa farashi daban-daban gwargwadon ƙarfin kowane yanki, kuma ba su karye ba. Kwafin intanet ba ya ƙarewa a sito. In an sayar wa ɗan Kano a dala takwas, riba ce da a da ba za a samu ba ko kaɗan, tunda dala talatin ba zai taɓa biya ba. Kamfanin Paizo ya nuna wata hanyar: dokokin Pathfinder suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys da yardar kamfanin, suna kuma sayar da PDF na gaske da za ka sauke ya zama naka, kuma mutane ba su daina sayen littattafansu na takarda ba.

Na san abin da wasu za su ce, ai ana samun komai a Telegram. Ana samu. Ni ba na tura wa kowa, kuma ina roƙon 'yan'uwa su yi tunani, musamman a kan ƙananan marubuta. A shafukan sayar da wasanni irin su DriveThruRPG da itch.io akwai mutanen da mutum ɗaya ne ya rubuta wasan, ya yi zanen, ya tsara shafukan bayan ya taso daga aiki, yana neman dala biyar ko goma, wani ma cewa yake ka biya abin da ka ga dama. Ɗaukar wannan a raba a rukuni cin haƙƙi ne, kuma mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan tsoron haƙƙin wani. Tsoron irin wannan rabon ne ya sa Wizards suka janye duk PDF ɗinsu daga kasuwa a 2009, masu saye da halalinsu su ne suka sha wahalar.

Kuma ba mu da uzurin sata, don na halal yana nan. Tun 2014 akwai taƙaitattun dokokin D&D kyauta. A Janairun 2023, da kamfanin Wizards ya yi yunƙurin sauya lasisin OGL, wanda tun shekarar 2000 yake bai wa wasu izinin amfani da dokokin wasan a nasu littattafan, 'yan wasa da ƙananan mawallafa suka yi ca a kansa har ya ja da baya, ya saki kundin muhimman dokokin wasan mai suna SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Ma'anarsa kowa na iya bugawa, ya gyara, ya fassara, har ya sayar, muddin ya ambaci masu asalin aikin. Wannan ya nuna mini abu biyu: kamfanin yana jin magana in masu saye suka haɗa baki, kuma babu abin da ya hana a samu dokokin nan da Hausa.

Mu a teburinmu mun fara fassarar da babin ƙirƙirar jarumi da na faɗa. Muna bugawa baƙi da fari a shagon fotokofi na unguwa, a ɗaure da zoben roba, duka bai kai riyal ashirin ba. Muna neman wanda ya iya zane, da wanda Hausarsa ta nuna da zai duba mana rubutun, ko a Makka yake ko a Madina ko a gida Najeriya da Nijar. In an gama, kyauta za a sake shi.