Yadda hulata ta hana ni hoton Flying Scotsman

Waɗanda suka san ni sun san cewa son jirgin ƙasa gadonsa na yi, domin kakana ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba gawayi a kan jirgi tsakanin Zariya da Kano, a zamanin da ake ba ma'aikacin reluwe mata ba tare da dogon bincike ba. Saboda haka da labari ya same ni a Leeds, a Ingila, cewa shahararren jirgin ƙasa mai tururi Flying Scotsman zai ratsa gadar jirgin ƙasa ta Ribblehead wata Asabar cikin hunturu, ban nemi shawarar kowa ba. Na ari kyamara da ƙafarta a wurin wani mutuminmu na garin Bradford, wanda ya miƙo mini ita da gargaɗi kashi uku kamar mai aurar da 'yar fari, na sa jar rigar ruwan da uwargida ta sayo a gwanjo, na ɗora hular da surukina ya aiko mini daga Maiduguri, na kama jirgin safe. Niyyata ita ce idan na gama da jirgin, in sa wani ya ɗauke ni a gaban gadar da hular a kaina, in aika gida.

Jirgin da ake magana ba ƙaramin jirgi ba ne. A garin Doncaster aka ƙera shi a 1923, kuma shi ne kan jirgi mai tururi na farko da aka tabbatar a hukumance ya yi gudun mil 100 a awa, a 1934. Gadar kuwa ta dutse ce, mai bakuna 24, tsawonta mita 400, tsayinta mita 32, ta miƙe a tsakiyar wani fili da babu komai sai ciyawa da tumaki da iska. Na ɗauka ni ne zan riga kowa, amma da na isa, saura awa uku jirgi ya zo, sai na tarar da mutum wajen arba'in sun riga sun yi sahu, sahun da ko a masallacin idi ban ga mai kyansa ba.

A nan ne na haɗu da Mai Tsani. Dattijo ne ɗan gajere mai jan hanci, ya zo da tsanin ƙarfe mai hawa uku da filas ɗin shayi da wani ɗan littafi da yake rubuta lambobin jirage a ciki, kuma ko da yake babu wanda ya naɗa shi, shi ne sarkin wurin. Sau biyu yana tashina. Da farko ya ce inuwata za ta shiga hotonsa, alhali rana tana can gefe tana fama da gajimare. Da na koma inda ya nuna, sai ya sake leƙowa daga kan tsaninsa ya ce rigata ta cika ja, in ja da baya taku biyu. Na ce masa, "To Baba, an gama," na ja, domin an hore mu da girmama furfura ko ta wace ƙasa ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, awa uku muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ya zuba shayin nan sau huɗu, ina ƙirgawa, tururinsa yana dukan fuskata, amma ko tayin fatar baki bai yi mini ba. Mutumin da zai iya ɗauko tsani tun daga gida ya ratso taɓo da shi, ai kofi na biyu ba zai karya shi ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, ya san aikinsa. Shi ya bayyana wa na kusa da shi, ni kuma na saci ji, cewa jirgin da ya nufi arewa hawa yake yi tun daga garin Settle da ke kudu da gadar, don haka dole a cika masa wuta ya riƙa aman hayaƙi, kuma sanyi shi ke sa tururi ya yi fari ya tsaya a sama kamar auduga. Ya ce yawanci iskar wurin daga yamma take bugowa, ta kwantar da hayaƙin a kan taragu ta rufe komai, amma yau ta juyo daga bayanmu, abin da ake shekaru ba a dace da shi ba. Kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa, har na ce alhamdu lillahi a fili, ban san iskar da nake yi wa godiya ni take jira ba.

Can sai muka ji usur daga nesa. Wurin ya yi tsit, hatta Mai Tsani ya rufe filas. Farin hayaƙi ya ɓullo ta wajen tasha, sannan sautin nan da kakana yake kwaikwaya mana da baki idan yana cikin nishaɗi. Na sunkuya na kafa ido a kyamara, yatsana yana kan maɓalli, koren kan jirgin ya ɗora ƙafa a bakin gada. A daidai wannan lokacin iska ta ɗaga hulata cak, kamar yadda ake ɗauke murfin tukunya.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa ban ƙyale ta ba. Amsar ita ce ban yi tunani ba ko kaɗan, fuskar surukina kawai na gani, da ranar da zai ce, "Ina hular nan da na aiko maka?" Kafin in farga ƙafafuna sun riga sun yanke hukunci. Na tsallake sahu na bi ta a guje, ita kuma ta sauka a kan gefenta ta riƙa gangarawa kamar garen yara, idan na miƙa hannu sai ta ƙara gaba taku uku ta tsaya tana jirana. A bayana kuwa ihu ya kaure. Shekaruna shida a Ingila ban taɓa sanin Turawa suna da murya irin wannan ba, mutanen da ko ka taka su a bas su ne za su ba ka haƙuri. Muryar Mai Tsani ta fi ta kowa, yana cewa in kwanta, in kwanta ƙasa. Na waiga domin in ɗaga hannu in ba da haƙuri, wanda hakan ya sa na fuskanci kyamarori arba'in sosai da sosai, baki buɗe, kai babu hula, hannu a sama kamar mai tsayar da tasi. Ina cikin wannan tsayuwa ƙafata ta dama ta nutse cikin laka har ƙauri, na fizge ta da ƙarfi, ta fito da safa kawai, takalmin ya zauna a ciki. Sai ga shi na bi umarnin Mai Tsani ba da son raina ba, na kwanta rub da ciki, ruwan sanyi ya shiga ta wuyan riga ya fita ta ƙugu.

Ina kwance na ji jirgin yana wucewa a sama, ƙasa tana rawa a ƙirjina, ƙamshin gawayi ya sauko. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Da na ɗago kai, abin da na gani shi ne bayan tarago na ƙarshe, da wata tunkiya mai shuɗin fenti a gadon baya tana shinshinar hulata.

Komawa cikin sahun nan da takalmi ɗaya a hannu ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zaga da ya fi mini sauƙi. Kowa ya duƙufa yana duba hotunansa yana sakin ajiyar zuciya. Mai Tsani ya sauko a hankali, ya naɗe tsaninsa, ya dube ni tun daga safa har zuwa kai, ya ce tun 1968, shekarar da aka daina jigilar fasinja da jiragen tururi a manyan layukan ƙasar, yake bin su da kyamara, kuma shanu sun ɓata masa hoto, jirgin sama ma ya taɓa ɓata masa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Ya buɗe filas ya zuba na biyar, ya shanye a gabana ina karkarwa. Har yau idan na tuna, shayin nan ya fi faɗuwar yi mini ciwo, kuma na tabbata da sauran shayi a ciki, domin na ji motsinsa lokacin da ya saɓa jakar.

Wata baiwar Allah ce kaɗai ta matso tana danne dariya, ta nuna mini nata hoton. Jirgin ya fito tsaf, lambarsa 60103 tana karantuwa, hayaƙi ya miƙe fari sol a bayansa, sannan a ƙasa daga hagu ga wani jan abu da ƙafa ɗaya a sama. Ta karɓi adireshina na imel ta ce za ta turo, har yanzu shiru.

Mutumin Bradford ya duba kyamararsa ciki da waje kafin ya amsa sallamata, sannan ya tarar da hotuna 11 na gada babu jirgi, waɗanda na ɗauka don gwaji. Uwargida ta tambayi takalmin kafin ta tambayi lafiyata. Hular tana nan cikin leda a saman kabad, ta bushe da lakarta, domin babu mai wankin hula a Leeds, ina jiran wanda zai tafi Kano in ba shi saƙo, in dai ba wanda ya san surukina ba ne.