Ranar da na ce Turawa sun damfare mu

Jama'a har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Akwai wani peptide, wato ɗan guntun furotin da muke gwaji da shi a lab, da muka yi wata uku muna jira Turawa su aiko, wanda Oga ya cika kuɗinsa daga aljihu, to ranar Talata ya iso aka jefa shi firiza mai sanyin digiri -20. Miligiram 1 kacal, busasshen gari a 'yar kwalba.

Laraba da sassafe ko masar da na sayo a Wunti ban gama ci ba na ɗauko shi. Ƙa'ida ita ce ka bar kwalbar sanyinta ya sake tukuna, don garin nan mayen danshi ne, in ka buɗe da sanyi raɓa ta sauka a kai ka lalata abinka. Sannan ka ɗan juya ta a santirifuj, injin nan mai wulwula kwalba da gudu, garin ya taru a gindi. Na sani fa, wlh da hannuna na rubuta a littafi. Zumuɗi ne kawai.

Na buɗe na leƙa, wayam. Na ɗaga ta saitin taga, wayam. Sai na miƙe da ƙarfin hali na nufi Oga, ga yaran IT, ɗaliban da suka zo koyon aiki, sun kai shida a tsaye, na ce "Ranka ya daɗe Turawan nan sun damfare mu, kwalba zalla suka aiko." Ban tsaya nan ba, na kifa ta na bubbuga a tafin hannu har sau uku kamar tsohuwa mai neman sauran kwalli a tandu. Sau uku! Oga bai ce komai ba, ya cire gilashi ya goge ya mayar, can ya ce "Malam, ina murfin?" Murfi kuwa na can kan benci, a buɗe, ƙarƙashin fanka. Ashe jijjigar hanya ta sa garin duk ya manne a cikinsa, wani ɗan fari-fari da bai kai ƙwayar gero ba. Ya rufe ya juya ta a santirifuj sakan 30 ya nuna min, ya ce "wannan ɗigon ya fi wayarka tsada." Kuma gaskiya ne, kun san wayar.

Daga baya dai muka narka shi da ɗan DMSO, wani ruwan sinadari mai narka abin da ruwa ya kasa, tunda peptide ɗin irin masu ƙin ruwan nan ne, muka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ya cika mil 1, muka raba maikirolita 50 a 'yan tub 20, don daskarewa da narkewa a kai a kai na kashe shi.

Amma ni Hajiyar zoɓo ce ta fi ƙona min rai. Ita ta fi kowa dariya har da riƙe ciki, ita da a firizan nan take ɓoye zoɓo da kunun aya na sayarwa, ta buɗe shi sau goma a rana ko an ɗauke wuta. Ita ce ma ta mayar min da akwatin tub ɗina jikin ƙofar firizan, wurin da ya fi ko'ina saurin ɗumi, wai ya tare mata gora. Yanzu ta sa min suna "Sun Damfare Mu", har maigadi ya kama.

Tub na uku muke kai, har yanzu ba sakamako. Zoɓon nata kam da daɗi, tana bina 400.