Ashe ba Indiya ba ce

Wani labari da na gani kan yadda Indiyawa ke tururuwa zuwa Suwizalan ya sosa mini inda yake min ƙaiƙayi. Muna yara a silima, in jaruma ta fito da sari ruwan ɗorawa tana rawa cikin dusar ƙanƙara, wallahi duk mun ɗauka ƙasarsu ce. Ashe rikicin Kashmir ne, tun ƙarshen shekarun 1980, ya ƙara tura masu shirya fina-finan Indiya irin su Yash Chopra zuwa tsaunukan Alps na Suwizalan. Bayan fitowar fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995, 'yan yawon buɗe ido suka bi sahu, har aka kafa wa Yash Chopra mutum-mutumi a garin Interlaken na Suwizalan a 2016. Ni kaina har gobe ina burin in taka koriyar ciyawar nan, in ga shanunsu masu ƙararrawa a wuya.