Dosiye na barci a Yamai, samari na cikin rami a Ɗan Issa

'Yan uwa Maraɗawa, jinkirin ba da izinin haƙar ma'adinai bai taɓa hana kowa tono ba wallahi, mai kuɗi da injin kawai yake kora, yaro mai shebur da igiya shi ba ruwanshi da takarda. Kun tuna Garin Liman wajen Ɗan Issa, Nuwamba 2021, ramin zinariya ya rufta da mutane, gawa 18 anka fara ciro. Hukuma ta rufe wurin, to sai mi? In rufewar ce, da hanzari anka yi ta, amma a tsara wurin a ba masu hali izini su shigo da kayan aiki su tokare ramu, nan ne ƙafa ke nauyi.

Ni ina Kumasi ina ɗan kasuwancina, kuma nan ƙasar zinariya ce, Obuasi ma ba nisa. Tun 1989 Gana ta halatta ƙananan masu haƙa, kuma hukumarsu ta ma'adinai tana da ofisoshi a garuruwan da ake tono, mutum zai iya shiga da sulifa ɗinshi ya tambayi inda takardarshi ta tsaya. Mu ko komai sai Yamai, kilomita sama da 600 daga Maradi, ka biya kuɗin mota ka biya masauki, ka je a ce maka mai sa hannu ya tahi misiyo ka dawo sati mai zuwa. Akwai wani Alhaji da na sani, ya haɗa jari da abokan cinikinshi na Katsina za su sayo injin niƙa dutse, dosiye ya shiga wani ofishi ya kwanta, kullum "ana kai", har abokan sunka gaji sunka janye, shi ma ya maida kuɗin cikin ridi da waken suya. Ban ga laihinshi ba, kuɗi ba su son zama.

Kar ku ce ina yabon Gana, a'a, su ma suna da tasu cutar. Galamsey, wato haƙar zinariya ba izini, ta lalata masu ruwa, kogin Pra ya koma kamar kunun kanwa, kuma yawancin masu galamsey ɗin in ka tambaye su cewa za su yi neman lasisi ya fi tonon wuya. Manya ma ba su tsira ba. Aikin haƙar litiyom, ma'adinin da ake yin batir da shi, na Ewoyaa an sa hannu a kanshi Oktoba 2023, ya kwashe fiye da shekara yana jiran majalisa ta amince, kafin nan farashin litiyom ya riga ya faɗi warwas a kasuwar duniya, lissafin da anka yi tun farko duk ya wargaje. Abin da mai ofis bai lura da shi ba kenan, farashi ba ya jiran tambari, kuma banki ba ya ba da bashi kan "ana kai".

Na san wani zai ce ai kamfanonin ma suna jan ƙafa. Gaskiya ne, Imuraren nan Nijar tun 2009 Areva ta Faransa ta karɓi izini, ta zauna kanshi shekara da shekaru ba a fidda uraniyom ba, har gwamnati ta ƙwace a Yuni 2024, wannan ban yi masu kuka ba ko kaɗan. Amma in za a sa wa kamfani wa'adi, to ofis ma a sa mishi, a ce wata kaza ko e ko a'a, in a'a ce a faɗi dalili mutum ya kama gabanshi.

Abin da ya fi cin raina ma shi ne doka ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai na kwaminonin jihar da anka haƙo ne. To zinariyar da ba takarda, wadda ake ɗaurewa cikin leda a hau kabu-kabu a tsallaka Jibiya da ita, wane kashi 15 Madarumfa za ta gani a ciki? Ga hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maradi ana ta shimfiɗawa, ga Alhazai da kuɗi a hannu, a buɗe ofis mai ikon sa hannu nan cikin Maradi mana.