Digiri Bakwai Na Hajiya

Sana'ata shayar da baƙi a wajen biki, tun daga ruwan gora har zuwa lemon inabin nan mai gas marar barasa da ake jerawa a teburin amarya, wanda kowa a Abuja ke kira wain. Ƙa'idarsa ba wuya. Mai gas ana son sa tsakanin digiri 6 da 8 a ma'aunin Salshiyas, fari marar gas 8 zuwa 12, ja kuma 15 zuwa 18. In sanyi ya wuce haka ƙamshin ya ɓuya, haƙori kawai zai sha wuya. In ya yi ɗumi zaƙin ya ginshi mutum, gas ɗin kuma ya tsere tun kwalba na hannu. Da bayan hannu nake aunawa, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarata.

Sai aka ba ni wata dina a Maitama cikin watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura digiri 35 da rana. Gwaggon amarya, wata Hajiya da ta daɗe a Turai, ta ja ni gefe.

"Malam, bakwai nake so. Ba tara ba, ba goma ba. Kana da abin aunawa dai ko?"

"Haba Hajiya, ai aikinmu ke nan."

Ko ɗaya ba ni da shi. A gida na lalubo ma'aunin zazzaɓin yara na tsoma a kofi, ya rubuta Lo ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, tsakanin 32 da 42 aka ƙera shi ya karanta, iyakar zafin jikin ɗan Adam. Na aro irin mai kama da bindigar nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona a 2020. Shi kuwa bayan abu kawai yake gani, wato gilashin da raɓar da ta kwanta a kai, ba ya leƙa ciki. Kwalba ɗaya, wuyanta ya ba ni lamba daban, gindinta daban. Ƙarshe na shiga kasuwar Wuse na sayi na girki mai dogon tsinken ƙarfe, ɗan gwanjo, ba kwali ba takarda. Shi ne na gaskiya. A bakin tsinken yake jin zafi, don haka ana nutsa shi kamar santimita 3 cikin abin sha, kada ya taɓa gilashi ko ƙanƙara, a jira lamba ta daina rawa.

Ranar dina na yi komai yadda ake yi. Ƙanƙara rabi, ruwa rabi a cikin kuloli, kwalabe a nutse har wuya. Masu zuba ƙanƙara zalla asara suke yi, iskar da ke tsakanin dunƙulen ba ta jan zafi, ruwa ne ke rungumar kwalba ta ko'ina. Cikin rabin awa aiki ya kan kammala. Na sadaukar da kwalba ɗaya, na tsiyaya a tambulan, na tsoma tsinke.

46.

Na kurɓa, sanyi har cikin kunne. Na sake duba allo, 46 tana nan daram. To wa zan gaskata, harshen da ya saba da shayi mai tururi ko na'urar Bature? Na aiki ɗan yayata da ke taya ni aiki ya sayo gishiri. Gishiri na sa ƙanƙara ta narke a ƙasa da sifili, sai ruwan kular ya fi ƙanƙarar kanta sanyi. Kofi guda a bokiti ya isa a lokacin gaggawa. Ni buhu-buhu na ƙananan leda na riƙa farkewa ina juyewa. Lamba ta sauko 38, na ce madalla. Ta sauko 32, na ce saura ƙiris ashirin da biyar. Ragowar katan-katan na sa aka loda a firizar ɗakin taron, aka murɗa ta har ƙarshe. Yatsuna sun daina ji, gumi na zuba a bayana, allo ya tsaya a 28 ya ƙi gaba.

Amarya ta shigo, mai gabatarwa ya kira a kawo abin sha. Na ɗauki kwalba na nufi teburin Hajiya, na goge ta da tawul, ruwan ciki garau. Na kwance wayar murfin, na riƙe toshiyar na juya kwalbar a hankali. Tana yin fus sai wani farin abu ya taso daga wuya ya gangara ƙasa kamar ana zuba auduga, kafin in kai bakin tambulan ya cinye kwalbar duka. Na karkata ta, ko ɗigo. Na jijjiga, wani guntun ƙanƙara mai kumfa ya faɗo a faranti.

Hajiya ta sauke tabarau. "Malam, sha za mu yi ko tauna?"

Dalilin a bayyane yake ga wanda hankalinsa ke jikinsa. Wain mai barasa sai ya kai wajen 5 ko 6 ƙasa da sifili yake daskarewa, marar barasa kuwa ruwa ne da sukari, da ya ɗan gota sifili ya shirya. Muddin kwalba a rufe take ba a motsa ta ba, yana iya zama ruwa ko da ya wuce ƙa'ida. Ana buɗewa matsin ciki ya sauka, ƙananan kumfa su tashi, ƙanƙara ta samu abin kamawa. Na firiza kuwa ba su jira an buɗe su ba. Ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, gilashi kuma ba ya miƙewa. Daga kicin muka fara jin tas, tas, har wani mai gadi ya leƙo.

Ɗan yayata, ɗan aji biyar a sakandare, ya karɓi na'urar ya kai ta kusa da fitila.

"Kawu, wannan ƙaramin harafin F ne fa."

Ya danna wani maɓalli a bayanta, 28 ta koma 2 ƙasa da sifili. Kayan Amurka ne, da Faranhait suke awo. Ka cire 32 ka raba da 1.8, ka ga Salshiyas. Wato 46 ɗin farko kusan digiri 8 ce, dab da abin da Hajiya ke nema tun kafin a sayo gishiri. Bakwan da nake bi kuwa kusan 14 ce ƙasa da sifili, sanyin ajiye kaza. Garin neman gira aka rasa ido. Gwajin da ke tona wannan minti ɗaya ne: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a ƙara ruwa, a motsa, a tsoma tsinke. In ya nuna 0 lafiya, in ya nuna 32 a nemi maɓallin.

Waɗanda suka tsira muka jera su a bahon ruwan famfo. Ba a sa ruwan zafi, gilashi mai sanyi tsagewa yake yi, kuma ba a girgizawa. Kafin a yanka kek sun dawo hayyacinsu, sai dai gas ɗin ya yi rauni. Na kai wa Hajiya sabon tambulan, kwalbar na kan 7 cif. Ta miƙo hannu ta karɓi na'urar ta auna da kanta, allo ya nuna 9, don tambulan da ya wuni a zafin ɗaki yana ƙara digiri ɗaya ko biyu nan take.

"Malam, ka dai kusa," in ji ta.

Kuɗin kwalaben da suka fashe da na wanke firiza daga cikon kuɗina aka cire. Na'urar kuma ta goge ta da tishu ta jefa a jaka, wai za ta riƙa auna ruwan wankan jikarta.